Tamaula a Birnin Kano: Daga Filin Makaranta Zuwa Filin Albashi

A ƙarshen zangon karatu da ya wuce wani magidanci ya yi mini sallama a gida, nan Illo, da la'asar sakaliya. Manomin shinkafa ne, ɗansa kuwa yana ajina, yaro ɗan shekara 15. Bayan mun gaisa, sai ya gyara zama ya ce, "Malam, shawara na zo nema. Yaron nan naka ya ce shi ya gama da boko, Kano za shi ya buga ƙwallo. Wani baƙo ya gan shi a fili, ya ce in an ba shi kuɗin mota da na takardu zai kai shi, daga can ma har Turai. Uwarsa ta ce in sayar da buhu goma. Me ka gani?"

Ban iya ba shi amsa nan take ba, gama yaron lalle ya iya ƙwallo, ni kaina na shaida. Na roƙe shi ya ba ni mako guda. Na san kuma ba gidansa kaɗai ke da wannan magana ba. Daga nan zuwa Kano tafiyar yini guda ce cur a mota, amma idon yaranmu yana can. Ko a gidajen kallo inda ake cacar baki a kan ƙungiyoyin Ingila, in aka ce "Sai masu gida!" kowa ya san Kano Pillars ake nufi. Saboda haka na ga ya kamata mu iyaye mu san tarihin wasa a wannan birni, domin a ciki ne na sami amsar da na ba mutumin.

Kafin zuwan ƙwallo

Tun kafin Turawa su zo, ƙasar Hausa tana da mutanen da suke samun abin duniya ta hanyar wasa, watau 'yan dambe da 'yan kokawa. Dambe asalinsa na mahauta ne. In kaka ta yi, amfanin gona ya shiga rumbu, sai su naɗe hannu su bi gari gari da makaɗansu, a yi musu kari da kuɗi da riguna. Dattawanmu har yanzu suna ba da labarin Shago, da makaɗin nan Ɗan Anace wanda ya yi masa waƙa. A wajenmu nan bakin Kwara kokawa ta fi ƙarfi, haka kuma a maƙwabtanmu na Nijar, inda gwamnati ta fara shirya kokawar takobi ta ƙasa a garin Tawa a shekara ta 1975. A Kano kuwa har yau ana taruwa kallon dambe a dandalin Ado Bayero da ke Sabon Gari.

Amma mai karatu ya lura da abu guda. Wasan mutanen dā yana da lokacinsa. Da zarar hadari ya taso, ɗan kokawa ya koma gona, ɗan dambe ya koma kan fawarsa. Ba a san mutum ya jingine sana'ar gidansu gaba ɗaya saboda kiɗan kalangu ba.

Makaranta ce ta fara riƙe ƙwallo

Wasan ƙwallon ƙafa na farko da aka rubuta labarinsa a Nijeriya an yi shi ne a Kalaba a shekara ta 1904, tsakanin ɗaliban makarantar mishan ta Hope Waddell da matuƙan wani jirgin ruwan yaƙi na Ingila. Ɗalibai ne suka ci. Watau tun ran farko, ɗan makaranta ne ya fara sa ƙafa a ƙwallo a ƙasar nan.

A Arewa ma haka aka yi. Ɗan Hausa ya buɗe makarantarsa a Nasarawa ta Kano a 1909, sa'an nan aka buɗe Kwalejin Katsina da makarantun Midil na larduna. A waɗannan makarantu wasan yamma dole ne, kamar yadda lissafi yake dole. Ana guje-guje da tsalle-tsalle, ana tamaula, ana kuma wasan fayif, wanda ake buga ƙaramar ƙwallo da tafin hannu a jikin bango. Mutanen Kabi suna da abin alfahari a nan, gama wani malami Bature mai suna Hogben ne ya kawo fayif wajen 1922, a makarantun Birnin Kebbi da Katsina. Sardauna Ahmadu Bello ya ƙware a wannan wasa tun yana ɗalibi, bai kuwa bar shi ba har sa'ad da yake Firimiyan Jihar Arewa.

Ta wata ƙofa kuma, jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911. Ya kawo akawuna da ma'aikatan reluwe da 'yan kasuwa daga Kudu da Gwalkwas da Saliyo, aka ba su mazauni a Sabon Gari. Sun zo da ƙwallonsu, makarantun mishan na Sabon Gari kuma suka yi ta yaye yara masu iya ta. A cikin gari kuwa makarantar Midil ta Kano, wadda ta zama Kwalejin Rumfa, tana yaye nata. Ta haka birnin ya sami maɓuɓɓuga biyu na 'yan wasa, dukansu kuwa daga aji suka ɓullo.

Zamanin ma'aikata

A shekara ta 1945 aka fara gasar Kofin Gwamna, wanda daga baya aka riƙa kira Kofin Ƙalubale. Shekara takwas a jere ƙungiyoyin Ikko ne suke ɗauke shi, su Reluwe da Marine da sauransu. Sai a 1953 zaɓaɓɓun 'yan wasan Kano suka doke Lagos Dynamos da ci 2 da 1 a wasan ƙarshe. Wannan ne karo na farko da kofin ya bar Ikko, Kano kuwa ya nufa.

Ko sunayen ƙungiyoyin wancan zamani sun isa su nuna mana irin 'yan wasan. Reluwe, kamfani, banki, 'yan sanda, soja. Ɗan wasa ma'aikaci ne. Da safe yana ofis ko yana shagon gyara, da yamma ya sa takalmi ya fita fili. In ƙafa ta karye, ko shekaru suka tura, teburinsa yana nan yana jiransa. Sau da yawa ma ƙwallon ce take samo masa aikin, amma sai da ɗan abin karatu a hannu.

Gasar lig ta ƙasa ta fara a 1972, Mighty Jets ta Jos ce ta fara cinye ta. A 1978 Raccah Rovers ta Kano ta zama zakaran Nijeriya. A wannan shekara ce kuma ƙungiyar Fluminense ta ƙasar Barazil ta kawo ziyara, ta kara da Raccah a Kaduna, mashahurin ɗan wasan nan Pele ya sa rigar baƙin ya buga musu. Baƙi suka ci 2 da 1. Duk da wannan ɗaukaka, yau in ka tambayi yaro ɗan sakandare ina Raccah, sai ya yi maka kallon rashin sani. Ƙungiya ma tana tsufa ta kau, balle ƙafar mutum ɗaya.

Sai masu gida

Babban sauyi ya zo a 1990, shekarar da Nijeriya ta fara gasar 'yan wasan albashi, watau waɗanda ƙwallo ce kaɗai aikinsu. A wannan shekara aka haɗa ƙungiyoyi uku na Kano, da ta hukumar ruwa da gine-gine da ake kira WRECA, da Golden Stars, da ta Bankin Arewa, aka kafa Kano Pillars. Alhaji Ibrahim Galadima, wanda daga baya ya shugabanci hukumar ƙwallon ƙafa ta ƙasa, yana kan gaba a wannan aiki. Gwamnatin jihar ce take da ƙungiyar.

Sai da aka yi haƙurin shekara 18 kafin Pillars ta ci lig a 2008. Shekara ta gaba ta ba Afirka mamaki. Ta haɗu da Al Ahly ta Masar, wadda take riƙe da kofin zakarun nahiyar a lokacin. Aka yi 1 da 1 a Nijeriya, aka yi 2 da 2 a Alƙahira, Pillars ta wuce saboda yawan ƙwallayen da ta zura a gidan abokan karawa. Ta kai wasan kusa da na ƙarshe, inda Heartland ta Owerri ta fitar da ita. Bayan haka ta ci lig sau uku a jere, a 2012 da 2013 da 2014. Daga 2003 zuwa 2015, shekara 12 ke nan, ba ƙungiyar da ta doke ta a gida a gasar lig, sai da Nasarawa United ta karya wannan lago. A 2019 kuma ta ɗauki kofin hukumar ƙwallo ta ƙasa a Kaduna, bayan ta doke Niger Tornadoes da bugun fenariti.

Filin wasa na Sani Abacha da ke Ƙofar Mata shi ma ya ga manyan baƙi. An buga wasannin gasar matasa ta duniya a cikinsa a 1999, da na kofin ƙasashen Afirka a 2000, da na gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ta duniya a 2009. Har wa yau Pillars tana da ƙungiyar ƙwallon kwando wadda ta sha cin kofin ƙasa.

Sunan da yaranmu suka fi riƙewa shi ne Ahmed Musa. Daga Jos ya zo Pillars, ya zura ƙwallo 18 a kakar wasa ta 2009 zuwa 2010, abin da ba wanda ya taɓa yi a gasar kafin lokacin. Daga nan ya tafi Holan, ya wuce Rasha, ya je Ingila da Saudiyya. Ya ci Ajantina ƙwallo biyu a gasar duniya ta 2014, ya kuma ci ƙasar Aislan biyu a ta 2018. A 2021 ya komo ya sake sa rigar Pillars na ɗan lokaci. Labari ne mai daɗi, gaskiya ne kuma. Amma ka ƙirga yaran da suka buga ƙwallo a lungunan Fagge da Gwagwarwa da Sabon Gari a shekarun nan 30, sa'an nan ka ƙirga Ahmed Musa nawa aka samu.

Akwai kuma ɗaya gefen da ba a nunawa a talabijin. A watan Maris na 2015 'yan bindiga suka tare motar Pillars a hanyar Abuja zuwa Lokoja, suna tafiya wasa Owerri, suka ji wa 'yan wasa biyar rauni. A 2022 aka zare wa ƙungiyar maki saboda hargitsi a fili, ta kuma faɗo daga babban rukuni, sai a 2023 ta komo. A ƙarshen watan Mayu na 2025 motar da ta ɗauko tawagar Jihar Kano daga bikin wasanni na ƙasa a Jihar Ogun ta faɗa ƙarƙashin wata gada dab da isowa gida, mutum fiye da 20 suka rasu. Ban kawo waɗannan don in tsorata kowa ba. Kowace sana'a tana da nata haɗari, masunci ma ya san Kwara. Amma wanda zai shiga sana'a ya kamata ya san ta ciki da bai.

To, ina manyan makarantu?

A nan ne muka yi sakaci. A 1966 jami'o'in Nijeriya suka fara wasanninsu na haɗin gwiwa a Ibadan, waɗanda ake kira NUGA, har yau kuwa ana yi. Jami'ar Bayero ta Kano, wadda ta zama cikakkiyar jami'a a 1977, tana aika ɗalibanta. A Zariya wani kociya Ba'amurke mai suna Oliver Johnson ya shafe shekaru masu yawa yana koyar da ƙwallon kwando a Jami'ar Ahmadu Bello. Cikin yaran da suka bi ta hannunsa akwai Masai Ujiri, wanda ya tashi a Zariya, ya kuma zama shugaban ƙungiyar Toronto ta ƙasar Kanada sa'ad da ta ci babban kofin ƙwallon kwando na Amurka a 2019. Lura, ba da jifan kwando ya yi suna ba, da aikin kai ne da iya tafiyar da jama'a. A Kano kuma ana shirya Kofin Ramat na yara matasa don tunawa da Janar Murtala Muhammed.

Duk da haka, tun daga 1990 hanyar zuwa babbar ƙungiya ta rabu da hanyar makaranta. Yaro ya tashi daga ƙungiyar unguwa, ya shiga abin da ake kira makarantar horon ƙwallo, wadda sau da yawa ba allo ba alli, ya yi ta jiran wanda zai gan shi. Filayen makarantu da yawa kuma an yanka su an yi shaguna.

A manyan biranen Amurka ba haka aka tsara abin ba. Bari in ba da misali da birnin Hustan, gama ɗan ƙasarmu ne ya yi suna a can. Hakeem Olajuwon ɗan Ikko ne, yana wasan ƙwallon hannu a makarantarsu. A wani taron wasannin makarantu da aka yi a Sakkwato, babban birnin jiharmu a wancan lokaci, ya fara shiga gasar ƙwallon kwando. Daga baya Jami'ar Hustan ta ɗauke shi ɗalibi, ya kai ƙungiyarta wasan ƙarshe na jami'o'in ƙasar a 1983 da 1984. A 1984 ƙungiyar albashi ta wannan birni, Rockets, ta zaɓe shi na ɗaya cikin dukan sababbin 'yan wasan shekarar, gaba da Michael Jordan wanda ya zo na uku. Ya ci mata kofi a 1994 da 1995.

Yadda abin yake a can, yaro yana bi ta sakandare ya shiga jami'a, jami'a ta ɗauke masa kuɗin makaranta saboda wasansa, amma da sharaɗin in ya kasa a karatu ba zai sa riga ba. Daga jami'a ne manyan ƙungiyoyi suke zaɓen waɗanda suke so. Hukumar wasannin jami'o'insu da kanta ta ce waɗanda suke kaiwa ga wasan albashi ba su cika biyu cikin ɗari ba. Sauran 98 fa? Su ne suke da damar fita da takardar shaida, su zama malamai da akawuna da 'yan kasuwa. Tsarin nasu yana da nasa aibi, gama kuɗi ya yi masa yawa. Amma in a ƙasa mai arziki haka biyu ne kawai cikin ɗari suke ƙetarewa, me za mu ce game da yaron da ya bar aji uku a Illo ya hau motar Kano?

Abin da na faɗa wa uban yaron

Da mako ya cika ya komo, yaron yana biye da shi. Na ce masa, "Maigida, kada ka hana shi ƙwallo. Baiwa ce, wadda kuma take ƙara lafiya, tana koya wa yaro biyayya da haƙuri da aiki tare da 'yan'uwa. Amma kada ka sayar da ko tiya ɗaya." Sa'an nan na jera masa waɗannan abubuwa, waɗanda nake roƙon kowane uba da kowace uwa su riƙe.

Na fari, ƙungiyar kirki ba ta karɓar kuɗi daga iyaye don ta gwada yaro. In tana sonsa, ita ce za ta kashe. Duk wanda ya fara da maganar kuɗin biza da na takardu, a tambaye shi sunan ƙungiyar da wasiƙarta, a kuma bincika wurin hukumar ƙwallon ƙafa ta jiha a Birnin Kebbi kafin a ba shi ko sisi.

Na biyu, dokar hukumar ƙwallon ƙafa ta duniya, FIFA, ta hana a kai yaron da bai cika shekara 18 ba wata ƙasa don wasa, sai a bisa 'yan dalilai kaɗan, kamar in iyayensa ne suka ƙaura can saboda wani abu dabam. Mu da muke bakin iyakar Benin sai mu ƙara buɗe ido, gama fita da yaro ta nan ba wuya, komo da shi ne aiki.

Na uku, kada a yarda a rage wa yaro shekaru a takarda. Ƙarya ce, kuma yanzu a gasar 'yan ƙasa da shekara 17 ana ɗaukar hoton ƙashin wuyan hannu da na'ura don a gane. Wanda ya fara sana'arsa da ƙarya, da fargaba zai yi ta.

Na huɗu, ɗan wasan da ya yi sa'a ƙwarai, in ya kai shekara 35 ya gama. Saura shekara 30 ko 40 a gabansa, ga mata ga 'ya'ya. Me zai ci? Wannan tambaya a yi wa yaro ita tun yanzu.

Na biyar, wannan namu ne mu malamai da shugabannin makarantu. In muna so yara su zauna a aji, sai mu mayar da ƙwallo gidanta na asali. A share fili, a kafa sanduna, a sa ranar wasa a jadawali, a shirya karawa da makarantun Bagudo da Ka'oje da Lolo. A bar 'yan mata su ma su yi gudu su buga. A kafa doka ɗaya tak: wanda bai zo aji ba, ba zai sa riga ba.

Yaron ya sunkuyar da kai har na gama. Can ya ɗago ya ce, "Malam, in na gama sakandare za a bar ni in je gwaji?" Ubansa ya dube ni, na dube shi. Ya ce, "In ka kawo takarda, ni da kaina zan biya maka kuɗin mota." A kan haka muka rabu. Baƙon nan kuwa, da aka nemi ya kawo wasiƙar ƙungiyarsa, ba a sake ganinsa a garin ba.

Shinkafar tana rumbu. Yaron yana aji, shi ne kuma kyaftin ɗin ƙungiyar makarantarmu. Ranar Juma'a mai zuwa muna da wasa da ƙarfe huɗu da rabi, uban ya ce zai bar gona da wuri ya zo kallo.